Shafin da Na Juya

Ni Nomau, ambaliya ta ci garinmu sau biyu ba ta ci ni ba, kuma ko alif ban sani ba. Shi ya sa da aka kafa doka cewa mai karatu ba zai ƙara taɓa tsohon littafi ba, aka sallami masu digiri daga ɗakin karatu, aka ba ni aikin gyara har da wurin kwana. Shafin da gara ta ci, in na bi shi da ƙaro, sai ka rantse jiya aka buga shi.

Yau tun safe na kasa zama, don ranar gwaji ce. Wanda aka ga ya fara gane rubutu, a ranar zai kwashe kayansa.

Lantana mai duba mu ta shigo tana murmushi.

"Baba, har yanzu kai ne sarkin jahilai?"

"Har gobe, 'yar nan. Rubutu da sawun kaza duk ɗaya ne a idona."

Ta miƙo min wani yagaggen shafi. "Riƙe min, in ɗauko biro."

Na karɓa, na juya shi daidai, kansa sama.

Ba ta nemi biron ba. Hannuna take kallo.

"Baba, wa ya gaya maka a juye yake?"