Ƙafar Akuya a Bakin Injin Rake

Kai da ke bugun ƙirji wai na'urarka tana amsawa kafin ƙiftawar ido, gyara zama ka ji wannan, in ka gama ka ci gaba da bugun.

Wani mai haɗa na'urori ne a ƙasar masu rake, ɗan tsokana na ƙin ƙarawa, amma ba ya wasa da aikinsa. Wani attajiri mai injin matse rake na mazarƙwaila ya kira shi, don injin ya ci yatsun wasu leburorinsa har mutane sun fara gudun wurin. Mai haɗin ya ɗaura wa injin wata 'yar kwamfuta da ba ta kai tafin hannu ba, ya ja zaren haske a gaban haƙoransa. Rake ya bi ta ƙasa ya wuce, amma da hannu ya gitta hasken sai kwamfuta ta kashe inji. A cikinta kuwa akwai manhajar da masu sana'ar ke ce wa kanel. Ita ce ɗan kamashon tasha, ita ke cewa wannan aiki ya shiga yanzu, wancan ya jira. Aka gwada ranar da babu aiki, inji na juyawa ba rake, ana gitta sanda yana tsayawa cak. Daɗi ya hau wa attajiri kai. Ya ce a ƙara mata aiki: ta riƙa auna ruwan rake, ta riƙa ɗaukar hoton leburori kada su sha, ta riƙa turo masa saƙo a waya yana kishingiɗe a gida. Mai haɗin ya ƙara, sannan ya roƙi lokaci ya sake gwaji, wannan karon inji cike da rake, kwamfuta kuma da duk kayan nan a kanta. Attajiri ya daka masa tsawa: "Injiniya, rake ba ya jiran kowa! Ba a gabana ka gwada ba? Ko sau ɗaya ta makara?" Mai haɗin ya ce, "Alhaji, ai lokacin ba ta da abin yi." Alhaji ya kaɗa riga ya shige mota. Ka ji rashin ta ido! Kurɓin ruwan rake da lebura zai sha ya fi damunsa a kan hannun da leburan zai koma wa iyalinsa da shi.

Abin ya tsaya wa mai haɗin a rai. Ya san masu tura raken nan, kwano ɗaya suke ci da shi, ya kuma san in hannu ya tafi cewa za a yi ƙaddara ce, a kai wa mutum lemo asibiti, shi ke nan. Ranar da aka fara matsa gadan-gadan Alhaji ya gayyato abokansa su ga abin zamani. Shi kuwa gogan ya biya wajen mahauci ya sayi ƙafar akuya sabuwar yanka, ya zura ta a hannun rigarsa, ya naɗe kofaton da tsumma. Inji na ruri, rake na shiga dami-dami, ya matso ya ce bari ya nuna wa baƙi. Ya miƙa ƙafar ta gitta hasken, inji ya tsaya, aka tafa. Aka tayar, ya miƙa, ya tsaya. Ya yi ta yi har baƙi suka fara hamma, alhali idonsa na kan duron ruwan rake, don ya san in ya cika ne kwamfuta ke aunawa, ta ɗauki hoto, ta tura saƙo, duk a tare. Duro na cika ya miƙa. Ɗan kamasho ya ce wa aikin kashe inji ya ɗan dakata, ana sallamar saƙon Alhaji. Dakatawar ba ta kai numfashi ɗaya ba. Ƙaras! Haƙora suka cafke, ƙashi ya tarwatse, jini ya gangara cikin ruwan rake, sannan inji ya tsaya. A daidai nan wayar Alhaji ta yi ƙara, tana masa albishir duro ya cika.

Wuri ya kaure da salati. Gogan ya zube yana kururuwa kamar gaske, baƙi suka watse, wani har takalmi ya bari. Alhaji ya zauna daɓas a kan tsibin tuƙar rake, hula a ƙasa. Sai da gumi ya jiƙa shi sharkaf sannan ɗan tsokanar ya miƙe, ya zaro hannunsa lafiya lau, ya kaɗa masa yatsu a gaban hanci. "Alhaji, kwantar da hankalinka, ta akuya ce. Ai sau ɗaya tak ta makara. Bismillah, sa naka mu gani." Alhaji ya cusa hannayensa biyu cikin aljihu. Leburori suka dubi tsumman da ke rataye a haƙoran inji, suka zubar da rake, babu wanda ya sake matsawa kusa. Dole uwar na ƙi, Alhaji ya ba da lokacin da ya hana. Mai haɗin ya sa kashe inji a gaban layi inda ba mai tsallake shi, ya loda wa kwamfutar duk wahalar da zai iya ƙirƙirowa, ya yi ta gwadawa. Ba saurinta na kullum yake nema ba, makararta mafi muni yake farauta, don ita ce mai cin hannu.

To kai ma, na'urar da ka gwada tana zaune ba aikin fari ba na baƙi, me ka gwada? Ɗora mata kaya har ta yi nishi, sannan ka kira ta ka ji ko za ta amsa. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.