Ku Ce Mata Ta Daina Sauri

Ina 'yar shekara tara Ummata ta tafi da ni wurin aikinta a Alexandria, don ranar ba makaranta. Nas ce, tana jinyar wata tsohuwar Baturiya a gida. A mota ta ce min matar ta shekara arba'in tana waƙar kantiri, irin ta mutanen karkara, tun daga cocin ƙauyensu har gidajen rediyo.

Na durƙusa na gaishe ta, ko kallona ba ta yi ba. Ɗakin sai warin man zafi. Umma ta kunna wa tsohuwar faifan waƙarta, ta miƙo min kwalin. A jikinsa wata budurwa ce da malafa da jita, tana dariya. Na dubi hoton, na dubi tsohuwar, na rasa inda suka haɗu.

Waƙa ta yi nisa sai tsohuwar ta ɗaga yatsa wajen da waƙar ke fitowa, ta ce da Turanci, "Wace ce yarinyar nan? Ku ce mata ta daina sauri."

Na ce, "Ai ke ce!"

Umma ta mintsine ni a cinya, ta raɗa min da Hausa, "Kul, ba a yi wa babba gyara." Sannan ta ce da ita, "To Mama, zan faɗa mata."

Har yau ban sani ba, mantuwa ce ko kuwa ta gane muryarta sarai. Amma kwanaki na ji waƙar a rediyon mota, na kasa kunne. Wallahi yarinyar tana sauri.