Kwaɗon da Ke Hana Ni Banɗaki

"Iya, me ke hana ki kaiwa banɗaki?" in ji likita, biro a hannunta.

Na ce, "Kwaɗo."

Ɗana ya yi ajiyar zuciya. "Kin ji ko, likita? Kullum maganar ke nan. Rikicin tsufa ne. Ki rubuta kawai, a ba mu ƙunzugun manya."

Ƙunzugu! Ni da na ɗaura masa.

Likita ta ce kowace larura da lambarta a takarda. Akwai ta lalacewar mara. Akwai ta wanda mararsa lafiya lau, isa banɗakin ne ke gagararsa. Abin da ta rubuta yau shi zai bi ni duk asibitin da na je. Ko alif ban sani ba, amma na san in takarda ta ce na ruɗe, ko ihu na yi ba mai waiwayo.

Ta sa na taka. Na je bango na dawo ras.

"To Iya, tsoron kwaɗon kike ji?"

"Tsoro? Shekara guda muna tare. Da safe ya zo, sai yamma ya tafi."

Biro ya fara tafiya. Ɗana ya saki murmushi.

Na kwance bakin zane, na dire shi kan tebur. Ƙarfe ya ce ƙwal! Ɗazu da ɗana ya buɗe ɗakina zai kawo ni, na zare shi daga ƙofar.

"Ga shi nan, 'yar nan. Mabuɗin na aljihunsa. Duba littafinki, shi kuma lamba nawa ne?"