Waƙar Bayan Asabari

Baba yana sayar da kayan moto, wato babur, a Garuwa. Wata rana bayan la'asar ya dawo da kalandar kamfanin Japan, ya shimfiɗa ta a tabarma. A jiki an zana wata mace zaune a bayan asabari, gashinta har ƙasa. Ya bi Faransancin da ke ƙarƙashin hoton da yatsa yana fassara mini: 'yar sarkin sarakuna ce, tun tana ƙarama aka kai ta hidimar ɗakin bauta, ba ta taɓa aure ba, gajerun waƙoƙi ta yi ta tsarawa, har yau ana rera su.

Can ɗakin Goggo, yayar Baba, muryarta tana fitowa ta asabarinta. Kaɗi take yi, tana rera waƙar da ita ta ƙirƙira. Ita ma ba ta taɓa aure ba.

Na ce, “Baba, ashe irin Goggo ce.”

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ɗaga murya don ta ji. “Adda, kin ji 'yarki? Waccan ajiye ta aka yi don daraja. Ke kuwa kwantai kika yi.”

Mazarin ya tsaya. Waƙar ma ta tsaya a tsakiyar baiti, kuma ban sake jin ta ba.

Yau waƙoƙin gimbiyar suna cikin wayata, fassararru. Na Goggo ko baiti ɗaya ban riƙe ba. Maganar Baba ce na haddace.