Hannu Biyu a Kan Sitiyari

Tun da aka kafa dokar nan, duk mai koyon tuƙi da bai kai shekara ashirin ba, motar ce ke yanka masa kuɗin inshora. Ka cire hannu daga sitiyari, gargaɗi. Ka waiwaya, gargaɗi. Suka cika uku, kamfani ya ninka kuɗin shekara.

Balaraba, 'yar shekara sha bakwai, tana da gargaɗi biyu. Ranar Litinin ta ɗauko babanta za su kasuwar Funtuwa sayen taki. Sai mutsu-mutsu yake a kujera, yana share zufa.

Daidai kwanar masallaci ta hango Baffa Tanimu, yayan babanta, tsaye a bakin titi. Ya gane motar, ya ɗaga hannu yana murmushi.

"Baba, ga Baffa. In tsaya?"

"Nan ba wurin tsayawa ba ne."

"To in ɗaga masa hannu?"

"Balaraba, in aka ninka, sai dai mu sayar da motar."

"To kai ɗaga masa mana, Baba!"

Har ya fara ɗagawa, sai ya tuna motsin na gefe ma raba hankalin direba ne a ganin motar. Ya cusa hannun ƙarƙashin cinyarsa.

Suka wuce shi kamar ba jininsu ba.

"Madalla," in ji motar cikin sanyin murya. "An rage muku naira ɗari biyu saboda natsuwa."

Madubi kaɗai aka yarda ta duba. A cikinsa, har yanzu hannun Baffa yana sama.