Famfon da Ke Tambayar Suna

Tun da aka kafa dokar murya, famfon unguwa ba ya ba da ruwa sai mutum ya faɗi sunansa. Baba Jatau kuwa, tun dawowarsa daga hannun masu garkuwa bakinsa ya kulle, don da wannan tambayar suke fara dukansa.

"Faɗi mana, Malam!" in ji matarsa, suna tsaye a bakin famfon.

Hansatu, mai koyar da magana a asibiti, ta toshe lasifikar famfon da gyalenta. "Inna, a bar sunan. Baba, ba dole. Awakin wa ke haki can?"

Ya daɗe yana kallonsu. Can, murya a dishe, ya ce, "Nawa ne. A ba su ruwa."

Famfon ko ɗiga bai yi ba. Hansatu ta faɗi nata sunan, ruwa ya zubo, ta cika bokiti ta miƙa masa.