Mashayin Nahuce

Tun daga Tsafe igiya ke haɗe da su, kai ɗaya a ƙugun Sahabi, ɗaya a hannun yayansa Attahiru. Sahabi na gaba, kansa a sunkuye, rigarsa na tashin tsamin burkutu. Attahiru na baya, yana tafe yana zaginsa.

Shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau ce. Bayan girbi Attahiru ya ɗauko ƙanen nasa daga Nahuce, suka shiga lebura suna ɗaukar tsakuwa. Shi ya rene shi tun rasuwar ubansu, shi ya koya masa riƙon fartanya. A bayan sansanin ma'aikata kuwa akwai wata rumfa da ake dafa burkutu, kuma ta nan bala'in ya shigo musu gida. Ladan aiki ya tafi, jakin gida ya bi baya. Luba, matar Attahiru, ta tattara kwanukanta ta koma wurin iyayenta a Karakkai, ta ce ba za ta zauna a gidan da ake shigowa da warin giya ba.

Ranar da tura ta kai bango, Sahabi ya afka rumfar da rana tsaka, ya farfasa tukwane da sanda, burkutu ya malale har bakin hanya. Helma, shugaban lebura, ya kore su su biyun a gaban jama'a. Wannan wulakancin ne Attahiru ya kasa haɗiyewa. Saƙon Iya, mahaifiyarsu, kuma ya riga ya iso: kada ɗanta ya taka mata gida sai ya bi ta hannun Malam Ɗahiru na Bungudu, wanda ke tsare mashaya yana ba su rubutu da saiwoyi har abin ya sake su.

Duk ƙauyen da suka ratsa sai an fito kallo. Mata suna toshe hanci, maza suna nuna Sahabi da baki, wani har ya jefe shi da ɓawon rake. Bai ɗaga kai ba. Shirun nan ne ya fi ƙona wa Attahiru rai. Maƙogwaronsa ya bushe, gumi ya jiƙa masa baya, hannuwansa sai rawa suke yi. Da suka tsaya wurin mai fura, Sahabi ya dama ya miƙa masa ƙwarya, Attahiru ya doke ta da bayan hannu, ya ce da ya san haka zai zame masa, da ya bar shi ya mutu tun yana rarrafe.

A Gusau hanya ta bi da su ta gefen Sabon Gari. Iska ta kwaso ƙamshin dawa da ke tafasa a bayan wani darni, nan take igiya ta miƙe kamar za ta tsinke. Ɗaya ya ja gaba, ɗaya ya ja gefe, suka zube cikin kwata suna kokawa. Attahiru ya haye kan ƙanensa ya yi ta dukansa har leɓe ya fashe. 'Yan kallo suka zagaye su suna zuga shi ya ƙara, wai mashayi ba ya jin magana sai ta bulala. Sahabi bai rama ba. Ya rungume ƙafafun yayansa ya ƙi saki, har ƙarfin Attahiru ya ƙare.

Sahabi ya tofar da jini ya ce, “Yaya, mu tai. Rana na yi.”

Kafin su kai Bungudu jiri ya kwashe Attahiru, ya zube gindin wata tsamiya a bakin gulbi. Sahabi ya ɗebo ruwa a hularsa yana shafa masa a ka. Wani tsohon makiyayi da ke shayar da shanu ya matso, ya dubi igiyar, ya shaƙi warin rigar. Ya yi wa Attahiru addu'a, ya ce ba kowa ke ɗaukar wahalar ɗan'uwa haka ba a wannan zamani. Sa'an nan ya juya ga Sahabi ya ce masa ya dubi yadda ya mayar da yayansa, ya tofa miyau kusa da ƙafarsa, ya kora shanunsa. Daga nan har cikin gari Attahiru bai sake zagi ba.

Ranar kasuwa suka shiga Bungudu, mutane suka bi su har ƙofar zauren Malam Ɗahiru. Akwai 'yan Nahuce a cikinsu, har da mahaifin Luba da ya kawo gero sayarwa. Malam ya fito ya ƙare wa Sahabi kallo, da kumburarriyar fuskar da dauɗar rigar, ya girgiza kai. Ya faɗa masa a gaban kowa cewa ya tozarta uwarsa, ya tozarta kabarin ubansa, sa'an nan ya sa aka ɗauko marin ƙarfe na ɗaure ƙafa.

Sahabi ya waiga ya dubi jama'ar da ta cika ƙofa, ya dubi surukin yayansa. Ya zauna a ƙasa, ya miƙa ƙafafunsa.

An sa ƙarfen a ƙafa ɗaya, maƙeri ya ɗaga guduma, sai Attahiru ya durƙusa ya dafe wurin da tafinsa, yana kakkarwa tun daga kafaɗa.

Ya ce, “Malam, a dakata. Bakin Sahabi bai taɓa ɗanɗana giya ba. Ni ya kawo maka.”